Guntun Kwalba a Dunƙulen Rum

Shekara goma sha huɗu na yi ina aiki a gidan burodin Oma Waltraud, wato kaka Waltraud, a Swakopmund, garin bakin teku, kuma a duk shekarun nan ni ke yin dunƙulen rum. Ba aiki ne mai wuya ba. Kek ɗin da ya kwana bai sayu ba da gefe-gefen da ake yankewa, su nake tarawa in marmashe, in zuba garin cakulan da bota da jam, sannan in tsiyaya rum, baƙar giyar raken nan mai ƙamshi. Inji ya cuɗa, a sa a firij ya kwana, da safe in mulmula kamar ƙwan zabo, in birgima kowanne cikin ɓarɓashin cakulan. Wuta ba ta ganinsa. Tun ranar da na fara Oma ta gaya mini cewa abin da na zuba a kwanon nan shi mutum zai haɗiya, babu tandar da za ta rufa mini asiri.

Ranar Juma'a ce ta biyu a watan Disamba na yi kwaɓin da ya jawo mana abin. Garin ya cika da mutanen Windhoek, babban birni, da suka gudo wa zafi, don a nan Disamba bazara ce, aiki ya yi mana yawa. Hannuna da maiƙon bota na ɗauki kwalbar, ta zame, bakinta ya daki gefen kwanon inji ya ce ƙas. Na cafe ta kafin ta faɗi, har ina jin daɗin saurin hannuna. Na juye sauran rum ɗin duka, na tura kwalbar ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na kunna inji.

Washegari Asabar tun kafin rana ta keto hazon teku na mulmula guda casa'in da shida. Arba'in aka zuba a kwali aka kai gidan tsofaffin da ke bayan coci, don suna da shan shayin shirin Kirsimeti da ƙarfe goma sha ɗaya. Sauran aka jera a kwabar gilashi a gaban shago.

Wajen goma da kwata na durƙusa ina fitar da kwalabe zuwa shara. Da na kama waccan ta wuya sai wani abu ya karce ni a yatsa. Na ɗaga ta wajen taga. Bakinta ya ɓantare, wuri kamar faɗin farcen ɗan yatsana, gefen yana ƙyalli.

Na tsaya ina kallonta. Sai ƙarar nan ta jiya ta dawo mini a kunne.

Na ajiye kwalbar na bi ƙasa da rarrafe. Na duba ƙarƙashin inji, na ja tebur, na share daɓen da tsintsiya na tara ƙurar wuri ɗaya na baza ta da yatsa. Na zazzage kwandon shara a kan jarida. Ɓawon ƙwai, takardar bota, ƙonannen gefen burodi. Babu guntun kwalba. Tun kafin in gama na san ba zan same shi ba, domin lokacin da kwalbar ta daki kwanon bakinta a kan kwaɓin yake.

Ba zan ɓoye abin da na yi bayan nan ba, ko da yake shi ya fi damuna har yau. Na naɗe kwalbar a jarida na cusa ta can ƙasan shara, na wanke hannu, na koma kan yanka albasar sanwic kamar babu abin da ya faru. Zuciyata tana ce mini wataƙila tun a shago aka sayo ta a haka. Wataƙila guntun ya yi tsalle ya faɗa magudana. Ina da ɗiya a makarantar koyon jinya, ina da uwa a Ondangwa da ke jiran abin da zan aika. Ɗan Oma kuwa kullum yana kira daga Jamus yana matsa mata ta sayar da wurin ta huta, uzuri kawai yake nema. Na yi ta yanka albasa.

Akwai wata ƴar taga tsakanin kicin da shago, ta nan muke miƙa faranti. Ta nan na ga wata mata mai jar hula ta nuna kwabar gilashi da yatsa biyu. Ignatia, mai tsaron kantar shago, ta ɗauko mata dunƙule biyu a ɗan faranti da kofi. Matar ta zauna a teburin bakin ƙofa da yarinya ƙarama a cinya, wadda ba za ta wuce shekara uku ba. Ta ɗauki na farko ta gatsa rabi. Na zuba wa muƙamuƙinta ido. Tana taunawa tana duba waya, ta haɗiye, ta jefa sauran rabin a baki, ta kora da kofi. Ba abin da ya same ta. Na ce a raina, ka gani, babu komai.

Sai yarinyar ta miƙa hannu kan na biyun. Uwar ta ture hannun, yarinyar ta ɓata fuska, uwar ta yi dariya ta gutsuro mata ɗan kaɗan ta nufi bakinta da shi.

Ban san lokacin da na fita ba. Na ga dai hannuna ya riƙe wuyan hannun matar, ɗaya hannun ya fizge farantin. Kofi ya zube, yarinyar ta fashe da kuka. Matar ta miƙe tana tambaya ko na haukace ne. Oma ta taso daga bayan kantar tana ɗingishi da ƙugunta mai ciwo, ta dube ni, ta dubi farantin, ta ce in wuce ciki.

A kicin na tono kwalbar daga shara na warware jaridar na miƙa mata. Oma mace ce mai kaifin baki, shekararta saba'in da huɗu, ta taɓa korar mai kawo fulawa da tsintsiya. Na jira tsawa. Ba ta yi ba. Ta sa tabarau ta shafa bakin kwalbar da babban yatsa.

"Yaushe kika gani, Ndili?"

"Ɗazu, Oma."

"Ɗazu yaushe?"

"Minti ashirin ke nan."

Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, ta kalli jaridar da na naɗe kwalbar a ciki. Ba ta ƙara tambaya ba, na kuma gwammace da ta mare ni.

Ta fita ta ba matar haƙuri, ta gaya mata gaskiya a gaban kowa, ta karɓi lambar wayarta, ta ce in ta ji ko da ɗan ciwo ne a maƙogwaro ko ciki ta wuce asibiti kai tsaye. Jinin fuskar matar ya ɗauke, ta rungume yarinyar ta fita. Oma ta juya allon ƙofa zuwa an rufe. Ta sa Ignatia ta kwashe abin da ya rage a kwaba, guda talatin da biyar, ta haɗa da wanda na fizge, ta narka su a ruwan zafi ta tace da rariya, ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma ta kira gidan tsofaffi. Wayar ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, ranar Asabar ba kowa a ofis. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura minti biyar.

Ignatia ta ƙirga mana da yatsu. Tara an saye su ɗaiɗai, har da biyun matar nan, yawanci baƙi ne da ba ta san su ba. Dozin guda kuma wani mutum ya saya a kwali tun da sassafe, mai farar a-kori-kura da sandunan kamun kifi a tsaye a gabanta. Daga maganarsa ɗan Rehoboth ne. Ya tsokane ta cewa in ya kama babban kifi zai dawo ya aure ta, ta ce masa ya fara kamawa tukuna. Ya ce Mil Goma Sha Huɗu za su, wani bakin teku a arewa da gari inda ake kamun kifi.

Oma ta ɗauki makullin mota ta ce in ɗauko rariya ɗaya da kwalbar.

Oma ba ta gudu da mota, har yara kan wuce ta a keke. Ranar nan ta tsallake jar danja biyu. Duk da haka da muka shiga zauren gidan tsofaffin an riga an fara. An kunna kyandir biyu a kan kambin ganye, wata tsohuwa tana buga fiyano, sauran suna bin waƙa da muryoyi masu rawa. Dunƙulena suna jere a manyan faranti uku a tsakiyar tebura, kuma akwai gurabe a jerin.

Na bi tebura ina kwashewa ba tare da na gai da kowa ba. Wata ta riƙe nata a hannu tana shirin kaiwa baki, na ɓamɓare yatsunta na karɓe. Ta dube ni kamar yaron da aka ƙwace wa abin wasa. Oma ta ja Sista Uerikua, mai kula da su, gefe tana yi mata bayani. Na ga Sista ta dafe ƙirji, sannan ta tafa hannu ta tsayar da fiyano, ta ce duk wanda ya ci dunƙulen rum ya ɗaga hannu.

Hannu huɗu suka tashi. Na ƙirga abin da na tara, talatin da ɗaya. Tara babu.

Sista ta san mutanenta. Ta nufi wani dogon tsoho mai suna Oom Gawie, wanda ya zauna ya harɗe hannu a kan aljihun kwat yana kallon rufi.

"Oom, fito da su."

"Da me?"

"Aljihunka yana zubar da cakulan."

"Shekara tamanin da bakwai, ƴata. Na yi aikin jirgin ƙasa, na yi aure sau biyu, duk ban mutu ba. Alawa ce za ta kashe ni? Likita ya hana ni kwalba, yanzu kuma ɗan ƙamshinta za ku hana ni?"

Wasu suka yi dariya. Oma ta matso ta ce masa ai kwalbar ce a ciki, Gawie, ita kanta. Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, ya zaro guda uku da suka lotse ya ɗora a tafin hannuna.

Saura shida, kuma waɗannan an ci. Uku daga masu ɗaga hannun sun ci ɗaiɗai, wani ya ci biyu. Na shidan ba a san wanda ya ci ba, sai da mai buga fiyano ta nuna wata ƴar tsohuwa a keken guragu can ƙarshen tebur. Tante Lenchen ce. Na san ta, kafin ƙafafunta su gaza duk Asabar takan zo shago ta sayi dunƙule ɗaya tak, ta leƙo ta ƴar tagar nan ta ce mini hannuna yana da albarka. Shekararta casa'in da ɗaya, hankalinta yana zuwa yana tafiya. Ba ta da haƙori ko ɗaya, na robar ma ta daina sawa. Ba ta tauna komai, tsotsa take ta haɗiye.

Na durƙusa a gabanta. Akwai cakulan a gefen bakinta. Sista ta buɗe mata baki ta haska da ƴar tocila, ta duba harshe da dasashi. Babu jini. Tante Lenchen ta kama hannuna da nata masu sanyi, ta yi murmushi ta ce ya yi daɗi, ko akwai wani.

A kicin ɗinsu muka narka talatin da huɗun a ruwan zafi. Ina zubawa a rariya Oma tana bi da bayan cokali. Duk lokacin da cokalin ya goga wani abu numfashina ya tsaya, sai ya zama ɗan gyaɗa ko ƙwayar zabibi. Ban taɓa roƙon Allah ya nuna mini mugun abu ba sai ranar. Muka gama, rariya ba komai. Oma ta kira shago, Ignatia ta ce ita ma ta gama, babu.

Sista ta ce ta kira likita yana hanya, zai duba su biyar ɗin, amma ta gaya mana gaskiya, ƙaramin gilashi ba kullum hoto ke nuna shi ba. Sai dai a sa musu ido kwana biyu zuwa uku.

Muka hau hanyar bakin teku da aka daɓe da gishiri zuwa arewa, don neman mai a-kori-kurar. Hazo ya sauko daga teku ya kwanta a kan hanya, Oma ta kunna fitila da tsakar rana. A dama babu komai sai fili fetal, a hagu ana jin rurin ruwa ba a ganinsa. Kwalbar tana cinyata a cikin tawul. Ina ta lissafi a raina, in ba ya cikin na shago, ba ya cikin na tsofaffi, to yana cikin ashirin da shida. Bakwai suna cikin baƙin da ba mu sani ba, ɗaya a cikin matar nan mai jar hula, shida a cikin tsofaffi, goma sha biyu a kwalin da muke bi. Sai na riƙa ganin Tante Lenchen tana haɗiya, ina ganin abin yana sauka a hankali. Na sauke gilashin mota.

A Disamba gaɓar nan cike take. Da muka sauka daga hanya muka tarar da motoci jere a bakin ruwa iya ganin ido, kuma rabinsu fararen a-kori-kura ne masu sanduna a gaba. Motar Oma ba ta iya yashi, muka bar ta a kan ƙasa mai tauri muka taka. Oma ta yi taku kamar hamsin ƙugunta ya ƙi, ta zauna a kan wani dutse ta ce in je, in na same shi in ɗaga tawul.

Na tuɓe takalma na riƙa gudu daga mota zuwa mota da rigar aiki a jikina. Ina tambaya, kun sayi dunƙulen rum yau da safe? Wasu suka ɗauka talla nake, suka ce in kawo. Wani ya ce shi rum ɗinsa ba ya son a dunƙule masa. Wasu karnuka suka biyo ni da haushi. Iska tana watsa mini yashi a ido, ƙafafuna suna nutsewa, hazo yana haɗiye motocin da na wuce. Na ƙirga mota goma sha tara.

A ta ashirin na ga kwalinmu, fari mai jan zare, a buɗe a kan bayan motar kusa da bokitin tsutsar kifi. Wata mata mai jiki tana zaune a kujerar naɗewa, hannunta a cikin kwalin.

Na yi mata ihu daga nesa kada ta ci. Ta janye hannu kamar ta taɓa wuta. Maza biyu suka juyo daga bakin ruwa, babban ya kafa sandarsa a yashi ya taho. Shi ne wanda ya sayi kwalin, Meneer Klazen, matarsa ce a kujera, ɗayan ƙanensa. Numfashi ya hana ni magana, sai na warware tawul na nuna musu bakin kwalbar. Da na samu na yi bayani, matar ta kama wuyanta da hannu biyu. Ta ci uku. Mijin biyu, ƙanen biyu. Saura biyar a kwali.

Meneer Klazen bai yi mini ta daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce mutum ya yi tafiyar awa biyar ya kawo iyalinsa hutu don a ciyar da su gilashi. Ya ce zai sa a rufe wurin, zai sa a ɗaure wadda ta yi. Na ce masa ni ce na yi. Ya dube ni yana huci.

Na bar rariya a mota, kuma babu ruwan zafi. Na shimfiɗa tawul a kan murfin injin motarsa, na ɗauki na farko na murtsuke shi da yatsu har ya zama laka. Babu. Na biyu, babu. Su ukun sun kewaye ni, ba mai motsi, sandar ƙanen tana lanƙwasa a bakin ruwa kifi ya kama amma ko waiwaya bai yi ba. Na uku, babu. Na ɗauki na huɗu na matsa, sai na ji zafi ya shige babban yatsana har ƙashi.

Na buɗe hannu. Jini yana fita yana gauraya da cakulan, kuma ga shi nan a tsaye a cikin naman yatsana, siriri, mai lanƙwasa kamar farce, launin ruwan shayi.

Matar ta ce wannan ne hannunta ke kai lokacin da na yi ihu. Ban sani ba ko shi ne, amma haka ta ce, sai ta fara kuka. Na zauna a yashi. Meneer Klazen ya cire gilashin da ɗan hantsakin cire ƙugiya, ya ɗaure mini yatsa da hankicinsa, ya ce wa ƙanensa ya je da mota ya ɗauko tsohuwar.

Da aka kawo Oma na miƙa mata shi a kan murfin kwali, ina dariya ina hawaye. Na ce an samu, Oma, an gama. Ta wanke shi da ruwan gora, ta sa tabarau, ta ce in riƙe mata kwalbar. Ta ɗora guntun a gurbinsa a hankali, ta juya shi har ya zauna.

Ya zauna daidai ta gefe ɗaya. Ta ɗaya gefen akwai sauran gurbi, ɗan siriri mai tsini, kamar tsawon ƙwayar shinkafa.

Na ce wataƙila bai zauna da kyau ba. Ta cire ta sake sawa. Haka dai.

"Injin ne," in ji ta a hankali. "Ya raba shi biyu."

Muka murtsuke na biyar, muka sake bin lakar sauran huɗun da ke kan tawul, har muka wanke tawul ɗin a bokiti muka tace ruwan da hankici. Babu. Meneer Klazen bai ƙara faɗa ba. Ya naɗe sandunansa, ya ce za su koma gari su kwana kusa da asibiti. Ya rubuta lambarsa a murfin kwalin ya ba Oma.

A hanyar dawowa Oma ta ce za ta kira gidan rediyo a sanar, da Jamusanci da harshen Afirkans da Turanci, saboda baƙin nan bakwai. Na ce mata in aka sanar ba wanda zai ƙara sayen ko burodi a wurinmu, kuma ɗanta zai ji. Ta ce ta sani. Can da muka kusa gari ta ƙara da cewa minti ashirin ɗin nan ta fahimce su, ita ma da take tuƙi ɗazu ta yi tunanin kada ta kira rediyo. Amma kada in sake.

An sanar da yammacin ranar, aka maimaita Lahadi. Daga cikin bakwai ɗin mutum biyu suka kira suka ce sun ci lafiya. Wata ta dawo da ɗaya a takarda, ba ta ci ba, muka narka shi, babu komai. Sauran huɗun ba mu taɓa jin labarinsu ba. Wataƙila sun riga sun hau jirgi, wataƙila ba sa jin rediyo.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Duk lokacin da wayar shago ta yi ƙara sai wuƙa ta faɗi daga hannuna. Da motar asibiti ta wuce da jiniya sai in fita bakin titi in ga inda ta nufa. Abinci ya ƙi shiga, in na sa loma a baki sai in riƙa lalubenta da harshe har ta yi sanyi. Kullum da rana nakan je gidan tsofaffi in tsaya a ƙofar ofishin Sista, ita kuma kafin in tambaya sai ta ce duk lafiya, Meme, koma aiki. Meme a wurinmu kamar a ce Mama ne. Na kwance injin gaba ɗaya, na wanke kowane ƙarfe a kan farin zane. Na buɗe bututun wurin wanke-wanke na tace abin da ke ciki. Ban samu ba.

Matar mai jar hula ta kira ranar Laraba ta ce ita da yarinyar lafiya, amma ba za ta ƙara shigowa ba. Su Klazen suka biyo kafin su koma Rehoboth, ya kawo mana kifi guda babba, ya ce wa Ignatia ga sadakinta amma matarsa ta ce a'a. Masu duba tsafta suka zo suka yi rubuce-rubuce suka tafi. Shagon ya yi sanyi har bayan Kirsimeti, sannan mutanen gari suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ɗan Oma ya kira ya yi ta faɗa, ta ajiye wayar a kan kantar shago ta bar shi yana yi. Ba ta kore ni ba. Mun daina dunƙulen rum har watan Maris, da muka koma kuma sai ta sayo kofin tasa da farin ƙyalle, a nan nake tace rum nesa da kwano kafin ya shiga kwaɓi.

Tante Lenchen ta rasu ranar tara ga Janairu, kwana ashirin da shida bayan shan shayin. Sista da kanta ta zo shago ta gaya mini, don kada in ji a bakin wani. Ta ce zuciya ce, a kujerarta bayan karin kumallo, ba ta yi ƙorafin ciwon ciki ko sau ɗaya ba. Ta ce da gilashi ne da tuni ya nuna a kwanakin farko, likita ma haka ya ce. Na tambaye ta ko an buɗe an duba. Ta ce ba a yi wa mai shekara casa'in da ɗaya haka, kuma danginta ba su nema ba.

Na je jana'izar. Mutum goma sha ɗaya ne, Oom Gawie yana cikinsu da sandarsa. Na tsaya daga baya kusa da katanga. Da aka gama wata jikarta da ta zo daga Otjiwarongo ta bi mutane tana gaisawa, ta iso kaina ta tambaye ni ko ina cikin masu jinyar kakarta. Na ce a'a, a gidan burodi nake aiki. Ta ce ai kuwa kakarta tana yawan maganar wurin, ta gode da na zo. Na ce ba komai. Na tsaya har masu haƙa suka gama mayar da yashi, sannan na taka na koma shago, don akwai kek ɗin biki da ke jirana kafin ƙarfe uku.